Wane Ne Jarumi?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai ƙarfin da ba a rinjaya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da iyalan gidansa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana saurayi, ina da tambaya guda, kada ka yi garajen amsawa. Wane ne jarumi a wurinka? Ban ce ka ambaci sunan da ya kamata a faɗa a gaban malam ba. Ina nufin wanda hotonsa ke cikin wayarka, wanda kake kwaikwayon tafiyarsa da askinsa, wanda in an zage shi a majalisa sai ka ji ranka ya ɓaci kamar an zagi mahaifinka. Tambayar ba ta wasa ba ce, domin babu saurayin da ba ya son a ce masa namiji. Kuma duk abin da mutum ya ɗauka shi ne mazantaka, to, a kansa zai ƙarar da ƙuruciyarsa, wani ma a kansa zai rasa ransa. Akwai samari da yawa a kurkuku da maƙabarta waɗanda ba ƙarfin zuciya suka rasa ba. Suna da shi, sai dai ba wanda ya nuna musu inda ake kashe shi.

Saboda haka za mu bi sawun wannan kalma ta "jarumi" tun daga waƙoƙin mutanen farko har zuwa yau, mu ga yadda ma'anarta ta yi ta sauyawa, sa'an nan kai da kanka ka zaɓi ma'aunin da za ka auna kanka da shi.

JARUMIN MUTANEN FARKO

Ka sani, kusan kowace al'umma tana da doguwar waƙa ko hikaya ta mazan jiya. Ba mu kawo su nan don mu gaskata abin da ke cikinsu na gumaka da ƙagaggun labaru ba. Mun kawo su ne domin wanda mutane suka yi wa waƙa, shi ne irin mutumin da suke so 'ya'yansu su zama.

Ɗaya daga cikin mafiya tsufa ita ce hikayar Gilgamesh, sarkin birnin Uruk a ƙasar da ake kira Iraƙi yanzu. Tushenta ya kai shekara 4,000. An rubuta ta a kan allunan yumɓu, aka tono su a ƙarni na 19 daga kufan Ninawa, garin Annabi Yunusa (AS), kusa da Mausil. Hikayar ta ce Gilgamesh ƙaƙƙarfa ne ba na biyunsa, amma ya gallabi mutanensa, bai bar samari sun huta ba, bai bar amare sun tsira ba. Da ya sami aboki mai suna Enkidu, sai suka tafi wani daji mai nisa suka kashe dodon da ke gadinsa. Dodon nan kuwa bai zo Uruk ya tsokani kowa ba. Abin da ya kai su kurum shi ne Gilgamesh yana so ya bar sunan da ba zai gushe ba.

Mutanen Girka kuma suna da waƙa mai suna Iliyad, wadda ake danganta wa wani mawaƙi Homa, wajen shekara 2,700 da suka wuce. Baitocinta sun haura 15,000, gwarzon cikinta kuwa shi ne Akilis. Ka san a kan me aka gina waƙar duka? A kan fushinsa. Girkawa suna cikin shekara ta goma da kewaye birnin Taroyi, sai shugaban rundunarsu ya ƙwace wata kuyanga da ta faɗo cikin rabon Akilis na ganima. Akilis ya ga an ci mutuncinsa, ya koma tantinsa ya zauna, yana kallo ana karkashe mutanensa, har ma yana fatan a ci su da yaƙi don a san darajarsa. Bai tashi ba sai da aka kashe amininsa. Sa'an nan ya fito ya kashe Hekta, babban barden Taroyi, ya ɗaure gawarsa a bayan keken doki yana ja cikin ƙura. Waƙar ta nuna yana da zaɓi tsakanin tsawon rai ba suna, da gajeren rai mai suna, sai ya ɗauki na biyu.

Larabawan Jahiliyya ma haka. Yaƙin Basus tsakanin ƙabilun Bakaru da Taglibu a kan raƙuma guda ya tashi, an ce ya yi shekara 40. Yaƙin Dahis da Gabra'u kuma daga gardamar sukuwar dawaki ya samo asali. A cikinsa Antaru ɗan Shaddadu na ƙabilar Absu ya yi fama, wanda masu karatun lugga a zaure suka san waƙarsa. Uwarsa baiwa ce Bahabashiya, don haka ubansa ya ƙi ɗaukarsa ɗa, sai ranar da mahara suka faɗa wa ƙabilar, aka bukaci takobinsa, sa'an nan ya 'yanta shi. Ka ga darajar mutum a wurinsu a bakin takobi take.

Mu ma nan gida muna da namu. Tarihin Kano ya ambaci Barbushe na Dala, wanda aka ce yakan kashe giwa da sandarsa ya ɗauko ta a ka. Ga kirarin maharba da 'yan tauri da 'yan dambe, kowa na faɗin yawan mazan da ya kayar. Ga Gandoki na littafin Malam Bello Kagara da ya fito a 1934, mai sara ba ya gajiya. A cikinsu duka labarin Bayajida ya fi kusa da hanya, domin macijiyar da aka ce ya sare a rijiyar Kusugu ta hana mutanen Daura ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, watau saransa ya buɗe wa talakawa rijiya. Kuma labarin ya ce da gari ya waye mutane da dama suka fito kowa na cewa shi ya yi, sai da aka nemi kan macijiyar kafin ƙaryarsu ta ƙare. Masu son kirari ba aiki, ashe, tun can akwai su.

In ka tara waɗannan za ka ga jarumin farko yana tsaye ne a kan abu huɗu: ƙarfin damtse, da fushi, da ramuwar gayya, da suna. Kuma ba ya cika sai da maroƙi a bayansa. Aikin da ba a waƙe ba, a wurinsa, kamar ba a yi shi ba ne.

Amma ka lura da wani abu, domin a nan darasin yake. Su kansu mawaƙan ba su ɓoye inda wannan hanya take ƙarewa ba. Gilgamesh, da abokinsa ya mutu, sai tsoron mutuwa ya kama shi, ya shiga duniya neman maganinta. Ya samo wani tsiro na mai da tsoho yaro, maciji ya sace, ya koma gida hannu wofi, ba abin da ya rage masa sai ganuwar da ya gina wa mutanensa. Akilis kuma, tsohon sarkin Taroyi ya lallaɓo da dare har tantinsa, ya sumbaci hannun da ya kashe masa ɗa, yana roƙon gawar. Akilis ya tuna da nasa uban, suka haɗu suna kuka, ya ba shi. A Farisa, Firdausi ya gama littafinsa na Shahnama a shekarar 1010, kuma babban sadaukinsa Rustam, wanda ba a taɓa kayarwa ya kwana a ƙasa ba, ya soke wani saurayi a fagen fama, sai da yaron yana shure-shuren mutuwa ya ga alama a damtsensa, ya gane ɗansa ne Suhrab. Ƙarfin da ba ya tsayawa ya yi tambaya, ƙarshensa nasa yake kashewa.

MUSULUNCI YA SAUYA MA'AUNI

Da Musulunci ya zo bai kashe wa Larabawa zuciya ba. Hamza da Aliyu da Zubairu da Halidu (RA) duk mazan fama ne. Abin da ya yi shi ne ya ɗauke ma'auni daga damtse ya mai da shi zuciya. Ka duba wurare huɗu.

Na ɗaya, niyya. Malaman tarihin Annabi (SAW) sun kawo labarin wani mutum mai suna Ƙuzmanu a yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira. Ya yi faɗa irin wanda ba a saba gani ba, ya kayar da mutum bakwai ko takwas. Da aka same shi cikin rauni ana yi masa albishir, sai ya bayyana cewa shi don martabar ƙabilarsa kawai ya yi. Da zafin ciwo ya tsananta ya ƙarasa kansa, Annabi (SAW) kuwa ya riga ya faɗi cewa ɗan wuta ne. Haka kuma Imam Muslim ya ruwaito hadisi daga Abu Huraira (RA) mai nuna cewa cikin waɗanda za a fara yi wa hukunci ranar Alƙiyama akwai wanda aka kashe a fagen fama, zai yi da'awar don Allah ya yi, a ƙaryata shi, a nuna masa ya yi ne don a ce shi jarumi ne, kuma an riga an faɗa, sai a ja shi a kan fuskarsa zuwa wuta. Ka ji fa. Abin da Akilis ya sayar da ransa dominsa, watau "a faɗa", shi ne ainihin abin da ya halaka wannan bawa.

Na biyu, mallakar kai. Buhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ma'anarsa ita ce ƙarfi na gaskiya ba a kokawa ake gane shi ba, ana gane shi ne ga wanda ya riƙe kansa sa'ad da ya fusata. Kuma Annabi (SAW) ya nuna haka a aikace. A shekara ta 8 ya shiga Makka da mutum 10,000, garin da aka kore shi, aka azabtar da sahabbansa, kansa a sunkuye don ƙanƙan da kai, ya yi wa jama'ar garin afuwa in ban da 'yan ƙalilan. Har Wahshi da ya kashe baffansa Hamza, da ya musulunta an karɓa masa. Ya hana wulaƙanta gawa, ko ta abokin gaba ce. Imam Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Abubakar (RA) da zai tura runduna Sham ya hana su kashe mace da yaro da tsoho tukuf, ya hana su sare itace mai 'ya'ya. Ka gwada wannan da mai jan gawa a bayan keken doki.

Na uku, jarumtaka ba sai da takobi ko asali ba. Wanda ya fara yin shahada a Musulunci mace ce, Sumayya (RA), mai rauni, ba dangi masu tsaya mata. Bilalu (RA) bawa ne, aka kwantar da shi a kan rairayi mai zafi aka ɗora masa dutse a ƙirji, bai bugi kowa ba, amma bai sauya kalmarsa ba. Antaru sai da ya zubar da jini kafin a ɗauke shi mutum. Bilalu, baƙi kamarsa, da haƙuri a kan gaskiya ya kai matsayin da Umar (RA) yake kiransa shugabanmu. Imam Malik an yi masa bulala a Madina har kafaɗarsa ta goce saboda ya ƙi janye fatawarsa. Imam Ahmad ɗan Hambali an ɗaure shi an yi masa bulala a zamanin Halifa Mu'utasim, bai faɗi abin da ake so ya faɗa ba. Akwai hadisi a littafin Abu Dawuda da na Tirmizi mai nuna cewa faɗin gaskiya a gaban azzalumin shugaba yana cikin mafificin jihadi.

Na huɗu, sanin lokacin janyewa, kuma wannan shi ya fi yi wa saurayi wuya. A yaƙin Mu'uta, shekara ta 8, Musulmi 3,000 suka gamu da rundunar Rumawa da ta ninka su ninkin-ba-ninkin. Aka kashe shugabanni uku a jere: Zaidu ɗan Harisa, da Ja'afaru ɗan Abi Ɗalib, da Abdullahi ɗan Rawaha (RA). Halidu ɗan Walidu ya ɗauki tuta, takubba tara suka karye a hannunsa a ranar. Sa'an nan me ya yi? Ya yi dabara ya janye rundunar ya mai da ita gida. A Madina wasu suka tarye su suna watsa musu ƙasa suna kiransu magudanta, Annabi (SAW) ya kare su. Da Halidu mai neman kirari ne, da ya tsaya an ƙarar da su duka an yi masa waƙa. Shi ɗin ne kuma daga baya Umar (RA) ya sauke daga shugabancin runduna yana tsakiyar nasara, bai koma tanti ya yi zaman fushi ba. Haka Hasan ɗan Aliyu (RA), a shekara ta 41, yana da dubban mayaƙa a bayansa, ya sauka daga halifanci don kada jinin Musulmi ya ci gaba da zuba.

RANAR DA BINDIGA TA KAYAR DA BARDE

To, sai zamani ya juya ta wata fuska kuma. Tun a 1605 wani marubuci na ƙasar Sifen, Sarbantis, ya fitar da labarin Don Kihote, dattijon da karatun hikayoyin barade ya juya masa kai, ya sa tsohon sulke ya hau rammamen doki ya tafi yana sukar injin niƙa mai aiki da iska yana zaton ƙato ne. Mutane suka yi ta dariya, alamar zamanin barde mai sulke ya soma wucewa ke nan.

Amma abin da ya ƙarasa shi ba dariya ba ce, ƙarfe ne. A Umdurman ta Sudan, ranar 2 ga Satumba 1898, mayaƙan Mahadiyya suka tasam ma rundunar Ingila da tutoci da masu. Kafin rana ta yi tsaka an kashe musu wajen mutum 10,000, ɗaya ɓangaren kuwa waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Mu ma mun ɗanɗana. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris 1903, kuma ranar 27 ga Yuli ta wannan shekara Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a Burmi tare da ɗaruruwan mutanensa. Mazan Burmi ba ragwaye ba ne, wallahi. Amma lifidi da kwalkwali ba sa tare bindiga mai ruwa.

Su Turawan ma abin ya dawo kansu. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, ranar 1 ga Yuli 1916, a bakin kogin Som na Faransa, sojan Ingila fiye da 19,000 suka mutu a yini guda, da yawansu ba su ko ga fuskar wanda ya harbe su ba. Ranar 6 ga Agusta 1945 jirgi guda ya saki bam guda a kan Hiroshima ta Japan, dubun dubatar mutane suka halaka, da mata da jarirai. A yau kuwa mutum yana zaune a ɗaki mai sanyi ya tura jirgi mara matuƙi ya kashe wanda ke wata ƙasa.

Ma'anar wannan ita ce kisa ya rabu da jarumtaka har abada. A da sai mai zuciya ke iya kusantar abokin gaba har ya ji numfashinsa. Yanzu yaro ɗan shekara 14, in ya riƙe AK-47, yana iya kayar da gwarzon gari daga bayan bishiya. Wanda ke taƙama da bindiga a yau, da aikin maƙeran wata ƙasa yake taƙama.

HANYA TA RABU BIYU

Da tsohon jarumi ya faɗi, mutanen zamani suka rabu biyu wajen neman magajinsa.

Kashi na farko suka mai da shi hoto. A 1938 aka fara fito da Superman a Amurka, mai tashi sama, harsashi ba ya huda shi. Daga nan sinima ta cika duniya da irinsa, na Amurka da na Indiya da na Sin, mutum guda ya doke hamsin hularsa ba ta faɗi ba. Ka dubi abin da ya sami kalmar a bakinmu ma. Kakanka in ya ce "jarumi" yana nufin wanda ya tsaya ranar da maza suka gudu. Kai in ka ce "jarumi" ko "jaruma" kana nufin mai fitowa a fim. Ba zagin sana'ar kowa muke yi ba, amma jinin fim jan ruwa ne, in an gama ɗauka wanda aka kashe ya tashi ya karɓi kuɗinsa. Mai kallo kuwa yana jin daɗin jarumtaka ba tare da ya biya ko kwabo daga jikinsa ba. Haka mai zaman gidan kallon ƙwallo yake cewa "mun ci", alhali ko gumi bai yi ba.

Kashi na biyu suka gane cewa in kisa ya zama aikin inji, to, abin da ya rage wa mai zuciya shi ne ceton rai da tsayawa a kan gaskiya. Ga misalai uku daga zamaninmu.

Muhammad Ali zakaran damben duniya ne, amma babbar jarumtakarsa ita ce faɗan da ya ƙi yi. A 1967, yana ɗan shekara 25, ya ƙi shiga soja a lokacin yaƙin Biyetnam saboda addininsa. Aka ƙwace kambinsa, aka yanke masa ɗaurin shekara biyar, aka hana shi dambe fiye da shekara uku a lokacin da ƙarfinsa ya fi cika, ana kiransa matsoraci. Sai a 1971 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin.

A Legas, cikin Yuli 2014, wani matafiyi daga Laberiya ya shigo da cutar Ebola. Likita Ameyo Adadevoh ta yi zargin cutar, ta ƙi sallamarsa duk da matsin da aka yi mata. Ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta 2014. A Nijeriya duka mutum 20 suka kamu, 8 suka mutu. Ka ƙiyasta da an bar shi ya shiga cikin jama'a a gari irin Legas.

A ƙauyen Nghar na ƙaramar hukumar Barkin Ladi a Jihar Filato, ranar 23 ga Yuni 2018, 'yan bindiga suka kai hari, mutane suka gudo. Liman Abubakar Abdullahi, tsoho mai shekara 83, ya ɓoye mutum 262, galibinsu Kirista, mata a gidansa, maza a masallaci. Ya tsaya a waje ba makami, ya hana maharan shiga, yana roƙonsu, har ya ce in kisa za su yi su ɗauki ransa a madadin na baƙinsa. Akilis an ƙirga masa waɗanda ya kashe. Wannan tsoho waɗanda ya raya aka ƙirga masa.

JAHILIYYA TA SAKE RIGA

Kada ka zaci tsohon jarumin nan na fushi da suna ya mutu. Yana nan cikin unguwanninmu, riga kawai ya sake. Ɗan daba a Kano, da ɗan Sara-Suka a Bauchi, da ɗan Kalare a Gombe, a kan me suke sare junansu? An yi mini kallon raini, an shigo unguwarmu, an yi magana da budurwata. Yaƙin Basus ke nan, raƙumar ce kawai babu. Ɗan siyasa ya ba shi ƙwaya da 'yan kuɗi ya kira shi namijin duniya, 'ya'yansa kuwa suna makaranta. Ɗan bindigar daji yana ɗaukar kansa a TikTok da bindiga a kafaɗa, alhali waɗanda ya fi ƙarfi su ne manomi a gona da 'yan makaranta a ɗakin kwana. Ga kuma taron da ke jin an ce "ɓarawo!" ko "ya yi saɓo!", mutum ɗari su rufar wa mutum ɗaya da duwatsu, ba bincike ba alƙali, kowa ya koma gida yana jin ya yi mazantaka. Ina mazantaka a ɗari kan ɗaya? Mafi muni su ne masu kashe bayin Allah su kira shi jihadi, kamar waɗanda suka kai hari Babban Masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamba 2014, suka kashe masallata fiye da 100.

Maroƙi ma bai mutu ba, ya koma cikin aljihunka. Wayar nan ita ce mai yi maka kirari yanzu. Har aikin alheri sai a ɗauka a watsa, ana ƙirga masu yabawa. Ka tuna da mutumin da aka ce masa an riga an faɗa.

KAI FA?

Wataƙila ka ce, haba malam, so kake ka mai da mu ragwaye? A'a. Hadisi ya tabbata a Muslim cewa mumini mai ƙarfi ya fi mumini mai rauni alheri da soyuwa ga Allah, ko da yake kowannensu akwai alheri a tare da shi. Ka motsa jikinka, ka koyi iyo, ka zama wanda in gobara ta tashi ko jirgin ruwa ya kife za a yi murna da ganinsa. Kare iyalinka da garinka ta hanyar da shari'a da doka suka yarda abin yabo ne, haka sojan da ya tsaya tsakanin mahara da talakawa. Haƙurin wanda ba ya iya komai ba abin mamaki ba ne. Haƙurin da ake yabo shi ne na wanda ke da ikon ramawa ya bari.

Duk sa'ad da zuciyarka ta ce maka tashi ka nuna kai namiji ne, ka yi mata tambaya uku. Ta farko: don wa zan yi? In da ba wanda zai gani, ba wanda zai ji, zan yi? Ta biyu: wa zai amfana, wa zai yi kuka? In amsar ita ce uwar wani za ta yi kuka, taka ma ta bi baya, to, Rustam ne ke shirin sukar ɗansa. Ta uku: wa zai biya? Jarumin ƙarya wasu ke biya masa. Na gaskiya daga jikinsa da aljihunsa da sunansa yake biya.

Kuma kada ka zauna jiran ranar Burmi, wataƙila ba za ta zo maka ba har ka mutu. Fagen famanka yana nan kusa. Ranar da abokanka za su ɗauki wuƙaƙe su ce zo mu je, ka ce ba za ni ba, su kira ka mace, ka daure. Ranar da taro zai kama wani, ka tsaya ka ce a kai shi ga hukuma. Ranar da za a ba ka kuɗi ka yi shaidar zur, ga shi ba ka da na abinci. Ranar da matarka ko ƙanenka za su ɓata maka rai, hannunka ya ɗaga, ka mai da shi. Ranar da za a nemi jini a asibiti don wanda ba ka sani ba. Da shekarun da za ka yi kana jinyar tsohuwarka, ba mai ɗaukar hoto. Hausawa sun ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Waɗannan wurare ba kiɗa, ba kirari, ba mai tafi, sai kai da Ubangijinka, da mala'ikun da ke rubutawa.

Allah Ya ba mu ƙarfin jiki da na zuciya, Ya ba mu ikon riƙe su. Ya tsare mu daga riya da son a faɗa. Ya shiryi samarinmu, Ya sa ƙarfinsu ya zama inuwa ga masu rauni. Ya sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.